Wai gwajin Coggins ɗin nan na mene ne?

Bakatsine_Texas:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin dabbobi ku taimaka min. Maigidana a nan Texas ya sayi wata goɗiya za mu kai ta Oklahoma, sai aka ce ba ta tsallake iyakar jiha sai da takardar Coggins. Likita ya zo ya ɗebi jini a wuyanta, ya ɗauke ta hoto gaba da gefe kamar mai neman fasfo. Dabba lafiyarta ƙalau tana cin ciyawarta, to me ake nema?

Likitan_Zazzau:
Wa alaikassalam ɗan uwa. Ai lafiyar da kake gani ɗin ita ce matsalar. Cutar ƙarancin jinin dawaki ake dubawa, bairos ne dangin na HIV amma ba ya kama mutum, sai doki da jaki da alfadari. Wani dokin za ka ga zazzaɓi da rama da kumburin ƙafa, wani kuwa ko alama babu amma yana ɗauke da ita har ya mutu, bobuwa ta cije shi ta tashi ta sauka kan na kusa shi kenan ta kai masa. Ba ta da magani, kuma Amurka ba su da rigakafinta, shi ya sa gwamnati ta dogara da gwajin da Leroy Coggins ya fito da shi a 1970. Yawancin jihohi wata 12 takardar take aiki.

Bakatsine_Texas:
To likita in aka same ta da ita fa?

Likitan_Zazzau:
Allah ya kiyaye. Ko a kashe ta, ko a yi mata lalas a killace ta iya rayuwarta, aƙalla yadi 200 daga sauran dawaki. Dalili, bobuwa in aka kore ta tana tsakiyar shan jini ba ta nisa, kuma ƙwayar ba ta daɗewa a bakinta.

Ɗan_Barga:
Tab! Wa zai yarda a kashe masa ingarma lafiyayye yana ji yana gani? Ni abin da ya tayar min da hankali ma, ance allura tana yaɗa ta, kuma wallahi na sha ganin sirinji ɗaya an bi dawaki biyar da shi a bargarmu ana gobe hawan sallah.

Likitan_Zazzau:
Malam wannan ya fi bobuwar haɗari, jinin da ke cikin sirinji ya fi na bakin ƙuda yawa nesa ba kusa ba. Sabuwar allura nawa take?

Bakatsine_Texas:
Na gode likita. Sakamako dai bai fito ba tukuna, bari in je in raba mata turke.