Neman kalmar Hausa: abin da wuta ke cinyewa a yankan ƙarfe

Jama'a, musamman masu walda, maƙera da malaman Hausa na Katsina da Daura, kalma nake nema. Ina shirin haɗa teburin yankan ƙarfe na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, da hannuna a shagonmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, kuma so nake yaran shago su koyi aikinsa da Hausa tun daga tushe, don su ne za su riƙa tayar da shi kullum. Yawancin kalmomin sun zo da sauƙi. Guda ɗaya ce ta ƙi, wato kerf, wadda Turawa ke furtawa kamar kaf, ɗan ƙarfen da wuta ke cinyewa a layin yanka.

Ga wanda bai san injin ba, a taƙaice: wutar lantarki ake ratsawa cikin iskar kwamfuresa, a matse su ta wani ɗan rami a bakin toci, iskar ta yi zafin da ya haura digiri 20,000, ta koma abin da ake kira falasma (plasma), ta narkar da ƙarfe ta hure narkakken ƙasa. Yankan gas da muka saba ƙone ƙarfen yake yi da oksijin, shi ya sa ba ya iya wa alminiyam da sitenles. Wannan kuwa duk ƙarfen da lantarki ke bi ta jikinsa zai yanka. A kan teburin, kwamfuta ce ke jan tocin. Ka zana dagin Arewa na get sau ɗaya, ta fitar maka da shi iri ɗaya komai yawan da kake so.

Falasma ba na neman fassararta. Ko a Turanci baƙuwa ce, daga Girkanci aka ɗauko ta, Irving Langmuir ne ya laƙaba wa wannan yanayi na iska sunan a 1928, aka fara yankan ƙarfe da ita a kamfanin Union Carbide na Amurka a shekarun 1950. Yadda muka karɓi walda da lantarki haka za mu karɓe ta. CNC kuma ni "mai bin zane" nake ce masa, yaran ma sun riga sun kama. Teburin falasma mai bin zane. Wannan ya wuce.

To, mene ne kaf? Duk abin da ke yanka yana da kauri, kuma inda ya bi sai wani ɓangare na ƙarfen ya tafi gaba ɗaya, ba ya hannun dama ba ya hannun hagu. A ƙaramin injin falasma irin wanda nake nufi, faɗin wurin yakan kai milimita 1 zuwa 2. Ka ce wannan ai ba komai ba ne. Amma a ce milimita 1.5 ne, kana son murabba'i mai milimita 50, tocin kuma ya bi tsakiyar layin zane: abin da zai faɗo hannunka 48.5 ne. Rami kuma akasin haka, faɗi zai ƙara, noti ya riƙa rawa a ciki. Saboda haka dole a gaya wa manhajar da ke shirya hanyar yanka, irin su SheetCam, wannan adadi, ita kuma ta kautar da tocin da rabinsa, waje in gefen kaya ake yanka, ciki in rami ne. Yaron da bai riƙe wannan a kansa ba zai ɓata falan ƙarfe guda kafin azahar. Shi ya sa nake son kalmar da jinta kawai zai tuna masa cewa akwai abin da ke tafiya.

Na farko da aka kawo mini shi ne "faɗin yanka". Daidai ne a ma'ana, ba ni da ja. Matsalarsa a shago take: ka ce wa yaro auno faɗin yanka, sai ya ɗauki tef ya auno faɗin abin da aka yanko. "Tsaga" ma an kawo, amma mai walda in ya ji tsaga, walda ce ta fashe.

Wani ɗan'uwa ya ce "cin wuta". Da na fara ji na so shi, don ci ɗin nan shi ne ainihin abin. Sai dai kalmar tana da mai ita. Duk wanda ke biyan kuɗin mita ya san injin da ke cin wuta, kuma a wannan aiki maganar za ta riƙa tasowa kullum, tunda injin falasma da kwamfuresa tare suke ja, ƙaramin janareta ba zai ɗauke su ba. Kalma ɗaya ba za ta yi mana aiki biyu a kan teburi ɗaya ba.

Ni kaina "rabon wuta" na fi karkata gare shi, wato kason da wuta ke ɗauka. Wani dattijon maƙeri da nake kai wa gaisuwa ya girgiza kai, ya ce ba zai so a riƙa kiran rabon wuta a kan yara safe da yamma ba, baki yana da kaifi. Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓa, na janye shi.

Malamin Hausa da ya kawo "sawun wuta", Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi a kunne kuma ta nuna inda aka bi. Abin da ya hana ni shi ne sawu ba ya rage ƙasa, alama kawai yake bari, mu kuwa ragin ne damuwarmu. Zan ajiye ta don baƙin tabon zafi da ke fitowa a gefen yanka, can ta fi dacewa.

Mafita daga wajen kafinta ta zo. Ya ce shi in zai tsaga katako gida huɗu yakan bar "cin zarto", in ba haka ba na ƙarshe ya fito siriri. Ashe ma'anar tana nan a bakin masu sana'a, kayan aikin ne kawai ya sauya. Don haka ga abin da nake ganin mu tsaya a kai: cin yanka. Zarto yana da cin yankansa, giranda tana da nata, gas da falasma da leza kowa da nasa. Gajeriya ce, ana iya ɗaga murya da ita a cikin ƙarar kwamfuresa, kuma tana juyuwa yadda ake so: cin yanka ya ƙaru, cire cin yanka, nawa ne cin yankan wannan bakin?

Ku gwada ta a cikin tsarin teburin ku gani. Zan fara da ƙafa 4 a kan 4, rabin falan ƙarfe mai ƙafa 4 da 8, don ƙaramin firam ya fi sauƙin daidaitawa, in kuwa firam ya karkace ba manhajar da za ta gyara shi. Injin da zan saya ba zai zama mai tayar da wuta da tartsatsi mai saurin kaɗawa (high frequency) ba, irin wannan yakan rikita kwamfuta da ƙananan injinan da ke jan toci, sai ka ga layi ya kauce. A ƙasa za a yi kaskon ruwa don ya kama hayaƙi da ƙura ya kuma rage lanƙwasar ƙarfe. Sai na'urar da nake kira mai tsaron tazara, wadda ke auna ƙarfin wutar tana ɗaga toci ko sauke shi, ya zauna kamar milimita 1.5 daga ƙarfen ko da falan ya yi tudu. In tazara ta yi yawa, cin yanka ya buɗe, gefen ya fito a karkace. In gudu ya yi kaɗan, cin yanka ya ƙaru, kashin ƙarfe ya taru a ƙasa, sai an bi shi da guduma da giranda.

Iskar ma da ruwanta a ciki, a zahiri. Da hunturu ba ka da damuwa sosai a Katsina, amma da damina buɗe famfon ƙasan tankin kwamfuresa ka ga jan ruwan da zai tsiyayo. In wannan danshi ya kai toci, ɗan ƙwayar ƙarfen hafniyam da ke tsakiyar lantirod, inda wutar ke tashi a cikin toci, tana saurin ramewa, ramin nozul, wato bakin toci, ya daina zama zagaye, cin yanka ya faɗaɗa ba tare da ka taɓa komai a kwamfuta ba. Matatar iska da busar da ita suna cikin lissafin kuɗina tun yanzu.

Yankan farko da za mu yi ranar da teburin ya tashi, in Allah ya yarda, murabba'i ne mai milimita 50 ba tare da cire komai ba. A bari ya huce, a auna shi da baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ke kama ƙarfe, abin da ya ragu daga 50 shi ne cin yankan wannan baki a wannan kauri, a rubuta shi a manna a bango. Kowane kauri da nasa. Mutanen Daura, in maƙeranku na da wata tsohuwar kalma da ta fi wannan zama daram, ku kawo ta kafin in buga takardar.