Gungu, garke ko ayari? Neman Hausar "constellation" ta taurarin leƙen asiri

'Yan'uwa masu fassarar labaran duniya, kalmar nan tana ba mu wuya. Da Turanci asalinta jerin taurarin sama ne irin Kaza da 'Ya'yanta, amma yanzu taurarin ɗan'adam masu yawa da ke aiki tare ake nufi.

Abin da ya sa dole mu nemo mata suna: a 1960 tauraron Amurka mai suna Corona fim yake ɗauka, ya sako shi da laima, jirgin sama ya cafe shi tun kafin ya faɗo teku. Hoton da aka sha wannan wahala a kansa, sai wanda Amurka ta ga dama take nuna wa, galibi abokanta huɗu: Birtaniya, Kanada, Ostareliya da New Zealand. Yau kuwa kamfanoni ma suna da nasu. A Fabrairun 2022 hoton kamfanin Maxar na Amurka ne ya nuna wa duniya jerin motocin yaƙin Rasha mai tsawon kusan kilomita 64 a arewacin Kiyef, babban birnin Yukiren.

Wani malaminmu ya ce "gungun taurari". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma gungu tarin abu ne wuri guda, waɗannan kuwa a warwatse suke, ɗaya na wucewa wani na tafe a bayansa. "Garke" kuma mai shi ɗaya ne.

Ni dai "ayari" na zaɓa. A ayari kowane farke da hajarsa, hanya ɗaya ake bi, kuma akwai madugu. Haka shirin da wasu ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suka ƙaddamar a 2023 yake: kowace ƙasa ta kawo taurarinta ko na kamfanonin da take haya, a haɗa hotunan a wuri guda, taurarin duka kuma ana kiransu Aquila.

Batun madugun nan ne ya fi tsaya mini a rai. A Maris ɗin 2025 Amurka ta dakatar da ba Yukiren bayanan sirri na kusan mako guda, har hotunan Maxar da take samu ta hannun gwamnatin Amurka aka toshe. Ƙasar da ke cikin yaƙi, ta wayi gari an rufe mata ido.

Don haka na ce a rubuta "ayarin taurarin ɗan'adam", a kanun labarai "ayarin taurari". Na sama kuma a bar musu gungu. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ya kuka ji shi a kunnenku?