Wai wanda ya haɗa karatun lauya da wani kwas rabin lauya ne?

Sadik: Jama'a ni fa abin ya ishe ni. Wani ɗan ajinmu ya tafi Ingila wai yana karanta lauya haɗe da Faransanci, shekara 4 har da guda a Faransa, kullum sai iyayi yake mana. Ni a wurina duk wanda ya raba hankalinsa gida biyu rabin lauya ne, taura biyu ba ta taunuwa.

Maman Hanif: Rabi kuma? A Amurka ai sai ka gama digirin farko a wani fanni, ko tarihi ko lissafi, sannan ka shiga makarantar lauya ka yi shekara 3. Su ma duk rabi ne kenan?

Sadik: Hajiya wannan ai bi da bi ne, ba haɗawa ba.

Kwamared: Malam ka janye rabin nan tukuna. Ni da tattalin arziki na haɗa nawa, in aka kawo shari'ar kamfani mai lissafin haraji wallahi masu cikon naku zufa suke yi.

Barista: A Ingila darussan tushe guda 7 ne, su kwangila, laifuka, filaye da sauransu, mai haɗawar ma yana ɗaukarsu. Kuma tun 2021 da suka kawo jarrabawar zama lauya da ake kira SQE ko ba lauya ka karanta ba kana iya zama ka rubuta in kana da digiri.

Ummi: Barista da kai da ba a rantsar da kai a matsayin lauya ba tukuna, wa ya ba ka sunan? 😂

Barista: Ƙanwata ki kama kanki, ba da ke nake ba.

Nura: A Indiya ma digirin BA da na lauya, wato LLB, a haɗe ake yi, shekara 5, ba wanda ya ce musu rabi

Ummi: Kai dai ko maganar ruwan sama ake sai ka sako Indiya

Nura: To ƙarya na yi?

Sadik: Ni fa maganar iyayin da yaron nan yake mana na kawo, ba wanda ya tanka

Kwamared: To a taƙaice dai kowa ya yarda mai haɗawa ya fi, Barista ya kawo hujja, Hajiya ta kawo, Sadik kuma hassada ce kawai ke cin sa. A rufe.

Maman Hanif: Ni yaushe na ce ya fi?