Karen gadi na cinye duk abin wasan da aka ba shi, me zai tauna lafiya?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka a nan Kumasi. Kare ne na gadi, Boerboel, namiji, wata 14, kilo 48. Ƙwallon tanis ba ta minti biyar a bakinsa, igiya ya warware ta zare-zare, ƙashin roba na kasuwa kuwa gutsuttsura shi yake yi yana haɗiyewa. In babu abin taunawa sai ya koma kan tiyon ruwa da silifas da ƙafar benci. Wane abu ne zai jure masa? Ƙashin mahauta ya halatta a ba shi? Ganda fa, wadda ake ce wa wele? Wasu kuma sun ce a yanka masa tsohuwar taya. Allah ya saka da alheri.

Mai Duba Dabbobi:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara cire neman abin da ba ya lalacewa daga ranka. Abu biyu ne ke haɗuwa a bakin nan, haƙori da abin da ake taunawa, kuma dole ɗaya ya ci ɗaya. In abin ya fi haƙorin tauri, haƙorin ne zai tafi. Wanda ya fi karyewa shi ne babban haƙorin yanka na sama, can wajen kunci, na huɗu in ka ƙirga daga bayan fiƙa. Ɓarinsa ke ɓallewa kamar an ɓare itace, jijiyar ciki ta bayyana, bayan makonni ka ga kumburi a ƙarƙashin ido. A wata 14 haƙoransa 42 na girma duk sun fito tun yana wata bakwai, babu wani da zai sake tsirowa. Cire wannan haƙori sai an sa kare barci, don saiwa uku gare shi.

Gwaji biyu za ka riƙa yi tun a shago. Danna farcen babban yatsa a jikin abin: in farcen bai bar ɗan gurbi ba, ya yi tauri. Sannan ka tambayi kanka ko za ka yarda a ƙwala maka shi a ƙoƙon gwiwa. In ba za ka yarda ba, kada ka ba kare. Da wannan kaɗai ƙaho da kofato da ƙashin ƙwaurin sa duk sun faɗi. Ƙashin nailan mai tauri irin Nylabone da Benebone ma farce ba ya kama shi. Akwai karnukan da ke kankarar sa a hankali shekara da shekaru lafiya, amma wanda ke kai abu can ƙuryar baki ya datsa da dukkan ƙarfinsa, kamar yadda ka siffanta naka, ni ba zan ba shi ba.

Abin da ya dace da shi roba ce mai kauri wadda ke lotsawa ta dawo. Misali Kong Extreme, robar taunawa mai rami a ciki da ƙofa biyu, babba da ƙarama: baƙar, ba jar ba, don jar ta masu matsakaicin ƙarfi ce. Girman XL na kare mai kilo 27 zuwa 41 ne, naka XXL za ka nema. Akwai kuma zoben Goughnuts, wanda aka yi wa jan launi a ciki: ranar da ka hango ja, ka karɓe. Girma ya fi suna muhimmanci. Abin ya zama ba zai shige bayan fiƙoƙi gaba ɗaya ba, don ƙwallon tanis a bakin Boerboel tana iya zarcewa maƙoshi ta toshe numfashi, gashinta kuma in ya kwashi yashi yana goge haƙori kamar sanfefa. Duk abin roba mai rami a ciki ya kasance ƙofa biyu gare shi. Mai ƙofa ɗaya yana zuƙe harshe ya riƙe, harshen ya kumbura a ciki.

Igiya ka daina barin ta a wurinsa. Zaren da aka haɗiye yakan maƙale ta gefe ɗaya, sauran ya bi hanji, hanjin ya tattare a jikinsa kamar mazagin wando har zaren ya yanka shi. In ka taɓa ganin zare na leƙowa ta duburarsa, kada ka ja.

Sarkin Fawan Lungu:

Malam ya yi bayani, amma a bar ni in sa baki ta ɓangaren nama, don ba duk abin da ke fitowa daga mayanka ne ƙashin ƙwauri ba. Maigida, in ka je mayankar Kaase ko wurin mahaucinka da sassafe, abu uku za ka tambaya: maƙogwaron sa, agara, da kunnen sa. Duk guringuntsi ne da jijiya, suna da wuyar taunawa amma ba sa fasa haƙori, kuma ciki na narkar da su.

Maƙogwaro ka sa a yanke maka tsakiyarsa, tsawon taƙi ɗaya ko fiye, a bar kan da ke wajen maƙoshi. A kankare kitsen jikinsa sarai, don kitsen nan ne ke kawo zawo. A wanke, a tsane ruwan, a jera a kan waya cikin oba, wuta ƙasa-ƙasa wajen digiri 80, a ɗan buɗe ƙofar don tururi ya fita. Awa 8 zuwa 12, agara mai kauri ta fi haka. Alamar ya yi shi ne ka lanƙwasa ka ji ya bushe har ciki, babu danshi. Babu gishiri, babu yaji, babu magi. Shanya a rana kamar kilishi ba ta yi a Kumasi in ba lokacin hunturu ba. Da damina kafin ya bushe ƙuda ya riga ka, ga fumfuna. Wanda ka gama ka zuba a leda ka sa firiza, ka riƙa ciro ɗaya-ɗaya.

Wele kuwa a yi hattara. Akwai masu babbaka da itace ko gas, akwai masu babbaka da tsohuwar taya, kuma in an kankare an jiƙa ba kowa ke bambancewa ba. Ka saya wurin wanda ka san yadda yake aikinsa. Ko mai tsabtar ce, fata in ta jiƙa da yawu tana laushi ta yi santsi, kare ya yanki babban yanki ya haɗiye.

Ɗanyen ƙashi ni ban hana shi gaba ɗaya ba. Gaɓar gwiwar sa, babba kamar dunƙule biyu, da nama da guringuntsi a jiki, a ba shi ya gwaguyi na minti 15 a karɓe. Wanda ba na so shi ne ƙashin ɓargo da aka yanka da zarto guntu-guntu kamar zobe, don yana shigewa muƙamuƙin ƙasa ya maƙale a bayan fiƙoƙi, sai an yanke shi da zarto a asibiti. Dafaffe ko gasasshe kuma ko kusa, tsagewa yake yi kamar kwalba. A faɗa wa yara da matan gida wannan kafin Babbar Sallah, lokacin da ƙashi ke yawo a kowane tsakar gida.

Mai Duba Dabbobi:

Sarkin Fawa, Allah ya ƙara girma. Maƙogwaro da agara na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma dalilin barin kan maƙogwaron da ka ce yana da tushe: a nan ƙullin tayirod, wanda in ya kumbura ake ce wa maƙoƙo, yake manne, karen da ke cin sa kullum yakan rame, ya yi ta shan ruwa, zuciyarsa na bugawa da sauri. Gaɓar gwiwa ce muka ɗan saɓa. Ga kare mai haƙuri tana yi, amma wannan da ke cin benci zai gama da guringuntsin kafin minti 15, ya isa ƙashin. In har za a ba shi, mutum ya tsaya a kai, da an ji ƙarar haƙori kan ƙashi a karɓe, kuma a jefar, kada a ajiye wa gobe. Ɗanyen nama a zafin nan awa biyu ya ishe shi ya tara ƙwayoyin cuta irin salmonela, kuma yaran da ke rarrafe a tsakar gidan su ne za su kwasa. Ɗanyen huhu da hanta masu ƙurajen ruwa, waɗanda ake yarwa ranar layya, kada a jefa wa kare. Ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke komawa jikin mutum.

Hajiya Mai Shago, Asawase:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, abin da ba a faɗa maka ba shi ne Kong ɗin nan in ka miƙa masa haka nan babu komai a ciki, ko ya yi banza da shi ko ya zauna ya ci bakin robar. Amfaninsa a cika shi ne. Ɗebi kofi ɗaya daga abincinsa na ranar, ba ƙari a kai ba. In busasshen abincin buhu ne, jiƙa shi da ruwan ɗumi minti 20 har ya kumbura. In shinkafa da nama kake dafa masa, ita ma ta yi, muddin babu albasa da tafarnuwa a romon, don suna lalata jinin kare. Zura tsinken shan lemo ta ƙaramar ƙofar ya fito ta babbar, cusa abincin kewaye da shi, shafe bakin da markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali ɗaya, sa a firiza awa 5 ko 6. Kafin ka ba shi ka zare tsinken, hanyar iska ta zauna a buɗe. Daskararre yakan ɗauke shi rabin awa ko fiye yana lasa, lasar nan kuma ita ke kwantar masa da hankali. Makon farko kada ka daskarar, ka zuba sako-sako ya gane cewa abinci na fitowa, in ba haka ba zai fusata ya koma yaga. Biyu za ka saya in da hali, ɗaya na baki ɗaya na firiza, saboda ranar da aka ɗauke wuta.

Gyaɗar ta zama tsantsa. Ta kwalba ta waje ka karanta jikinta, in ka ga an rubuta xylitol, wani sinadarin zaƙi, ka ajiye, guba ce ga kare ko kaɗan ne. Cokali ɗaya ya isa, don maiƙo gare ta. Duk ƙwalamar da zai ci a rana, har da maƙogwaron Sarkin Fawa, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa.

Wani abu da ya shafe mu: kayan taunawa na waje da yawa na alade ne. Kunnen alade ana sayar da shi a busashe, wata fatar da ake naɗewa kamar ƙashi ta alade ce, Benebone ma akwai mai ɗanɗanon naman alade na gaske. A duba kwali kafin a shigo da shi gida. Kayan karen kuma a ware musu bokitinsu da burushinsu, a wanke da ruwan zafi da sabulu kullum, nesa da wurin alwala da kwanukan gida. Kada a bar roba tana kwana tana wuni a rana kan siminti, tsattsagewa take yi. A kuma kula da jabu wurin saye.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura maganar taya. Kuma tunda ya riga ya haɗiyi guntayen roba a baya, me zan lura da shi?

Mai Duba Dabbobi:

Tayar mota akwai wayoyin ƙarfe a cikinta, ta babur ma akwai waya a bakinta da zare a jikinta. Da ya cinye saman, wayar ce za ta tsaga masa dasashi da harshe, guntun da ya haɗiye kuma ba ya narkewa. Ga ruwan sama da ke taruwa a ciki ya tara sauro. A bar ta. Ka kuma share tsakar gida daga abubuwan da suka fi kai karnuka tiyata a nan: totuwar masara, ƙwallon mangwaro, tsinken tsire, ledar da ta taɓa nama, safa.

Guntu ƙarami yakan fita a kashi cikin kwana ɗaya zuwa uku, sai ka riƙa dubawa. Abin da zai sa ka tashi nan take: amai sau biyu ko uku a jere, musamman in ko ruwa ya sha sai ya dawo, ƙin abinci, yunƙurin kashi babu komai ko baƙin kashi kamar kwalta, ciki ya ɗaure yana ƙara in an taɓa, ko ya riƙa duƙar da ƙirji ƙasa ya ɗaga gindi sama. Kada a ɗura masa manja, kada a ba shi ruwan gishiri don ya yi amai. Manja ba ya tura abin da ya toshe, yana iya sarƙe shi ya shiga huhu, gishiri kuma da kansa yana kisa. Ka kai shi asibitin dabbobi a ranar, ka riƙe ragowar abin da ya tauna, don roba da totuwa ba kullum suke fitowa a hoto ba, ganin ragowar na taimaka wa likita ya san girman abin da yake nema. In abin bai fi awa biyu da haɗiyewa ba kuma ba mai kaifi ba ne, akwai allurar da ke sa amai, amma likita ne zai yanke wannan.

Duk sati ka ɗaga leɓensa ka duba manyan haƙoran nan na sama, hagu da dama. Robar kuma ka lanƙwasa ta a haske. In tsaga ta buɗe, ko wani yanki da ya kai ɗan yatsa ya fita, ta gama aiki.

Baba Mai Horo:

Yaro, ƙarin da zan yi kaɗan ne. Boerboel ba ya gama hankali sai ya doshi shekara biyu, naka saurayi ne da ƙarfi ya yi wa yawa. In a ɗaure yake wuni ko a keji, ko me ka saya zai ci. Fita da shi bayan sallar asuba kafin lungu ya cika da yara, minti 30 zuwa 40, da igiya gajera a hannun babba, sannan ka ba shi abin taunawar in kun dawo ya huce. Kada ka zube masa kayan duka. Uku ka ke da su, ɗaya a rana, sauran a ɓoye.

Ka koya masa saki tun yanzu, don duk shawarar da aka ba ka a sama ta dogara ne da ka iya karɓar abu daga bakinsa. Kada ka fizge. Nuna masa tsokar nama, ka ce "saki", da ya buɗe baki ka ba shi naman, ka ɗauki abin, ka mayar masa. Sau biyar a zama ɗaya, kullum, da abin da bai damu da shi sosai ba tukuna, kafin ka kai ga maƙogwaro. Agara ko maƙogwaro in ya rage tsawon yatsa huɗu, musanya shi da nama ka jefar da guntun, a nan ne suke haɗiyewa. In yana gurnani ko yana daskarewa in an matso kusa da abincinsa, yara su yi nesa, a ba shi a cikin keji a rufe, ka nemo mai horo ya zo gidan ya gani da idonsa.