Shin ya dace mu mayar da kwamfutocin ofis kan Linux maimakon sayen sababbi?

Manajan Gudanarwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu. Kamfaninmu yana da kwamfutocin tebur kimanin 40, dukkansu a kan Windows 10, wanda Microsoft ta daina ba shi gyaran tsaro na kyauta tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Fiye da rabinsu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, wasu saboda ba su da guntun tsaro na TPM 2.0, wasu kuma saboda furosesarsu ta tsufa, alhali lafiyarsu ƙalau kuma suna yin duk aikin da muke buƙata. Akwai tsarin ƙarin wa'adi na biya, amma iyakarsa shekara uku, kuma kuɗinsa yana ninkuwa kowace shekara.

Wani daga cikin ma'aikatanmu ya kawo shawarar mu ɗora musu Linux, wato wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta da ake amfani da ita a madadin Windows. Yawancin aikinmu rubuta wasiƙu ne, da lissafi a Excel, da imel, da wani tsarin kula da kaya da muke shiga ta burauza, sai kuma manhajar akanta guda ɗaya da sashen kuɗi yake amfani da ita. Abin da nake son sani shi ne, a ina irin wannan sauyi yakan cije, kuma ta ina ya kamata a fara?

Injiniyan Sadarwa:

Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ɗora Linux a kan kwamfuta shi ne mafi sauƙin abin da ke gabanku, domin da filashi ɗaya mutum zai gama da na'ura guda cikin ƙasa da awa, kuma kwamfutar da Windows 11 ya ƙi karɓa yawanci takan yi gudu sosai a kan nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint ko Debian. Inda aikin yake shi ne manhajojin da ma'aikata suka saba da su, da takardun da suka tara shekara da shekaru. Ma'aikaci bai damu da abin da ke ƙarƙashin allonsa ba; damuwarsa ita ce wasiƙar da ya buɗe ta fito yadda ya bar ta jiya, firinta kuma ta amsa idan ya aika mata aiki.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku taɓa Windows tukuna. Ku fara da sauya manhajojin a kansa, tun da LibreOffice (madadin Microsoft Office) da Firefox (burauza) da Thunderbird (manhajar imel) duk suna aiki a Windows kamar yadda suke aiki a Linux. Haka rundunar jandarmomin Faransa ta yi: a 2005 ta koma OpenOffice, wanda daga gare shi LibreOffice ya samo asali, a 2006 ta ɗauki Firefox da Thunderbird, sai a 2008 ta fara mayar da kwamfutocinta kan nata nau'in Ubuntu da ake kira GendBuntu, har ta kai ga dubun dubatar na'urori. Lokacin da aka zo canza babbar manhajar, jami'an sun riga sun saba da kayan aikinsu, don haka abin da ya sauya a idonsu kaɗan ne. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma, wadda a 2024 ta sanar da shirin sauya kwamfutoci kusan 30,000, da LibreOffice ta fara kafin Linux.

Kafin wannan ma, ku zagaya tebur bayan tebur ku rubuta duk abin da kowa yake buɗewa a cikin wata guda, har da wanda ba a taɓawa sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara. A nan ne ake gano ƙaramar manhajar buga lambar kaya da wani ya ɗora tuntuni, ko sikana da ba ta da direba sai ta Windows. Firintocin zamani da ke kan hanyar sadarwar ofis galibi Linux yakan gan su da kansa ba tare da an ɗora komai ba, amma tsofaffin masu haɗa bugu da sikanin da kwafi sai an gwada kowace ɗaya, musamman ɓangaren sikanin ɗin.

Game da nau'in da za ku zaɓa, ku tsaya a kan guda ɗaya mai dogon wa'adi. Ubuntu yana fitar da irin wannan duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, da gyaran tsaro na shekara biyar, wato na 24.04 zai kai 2029. Idan kuna da uwar garke mai Active Directory, wato tsarin Microsoft mai riƙe sunayen shiga na ma'aikata, kwamfutocin Linux suna iya shiga cikinta ta hanyar wata manhaja mai suna SSSD, ma'aikata su ci gaba da amfani da sunayensu da kalmomin sirrinsu na da.

Akanta:

Malam Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya wuce batun Excel da sauri, kuma a nan ne mu mutanen sashen kuɗi muke shan wahala. Jadawalin lissafi na yau da kullum, mai tarawa da debewa da neman adadi daga wani shafi, LibreOffice Calc yana buɗe shi lafiya. Matsalar tana ga fayilolin da aka cusa musu makro da harshen VBA, irin wanda ake danna maɓalli ɗaya ya haɗa albashin wata ya fitar da takardar kowa. Calc yana fahimtar wani sashe na VBA, ba dukkansa ba, kuma abin tsoron shi ne wani lokaci fayil ɗin yakan buɗe ba tare da ƙorafi ba, amma wani mataki a tsakiya bai gudana ba. Duk fayil ɗin da kuɗin mutane ya rataya a kansa, a gudanar da shi a manhajojin biyu da bayanan wata ɗaya, a gwada sakamakon layi bayan layi kafin a amince da shi. Idan kuma akwai ma'adanar bayanai da aka gina da Access, a ɗauka cewa sake gina ta za a yi, domin fom-fom da rahotanninta ba sa ƙaura.

Akwai kuma batun haruffa. Takardar da aka rubuta da Calibri ko Cambria, idan aka buɗe ta inda babu su, layuka sukan zame, shafi ɗaya ya koma biyu, wurin sa hannu ya faɗa shafi na gaba shi kaɗai. Maganin yana da sauƙi: a ɗora Carlito da Caladea, waɗanda faɗin haruffansu daidai yake da na waɗancan, da kuma Liberation a madadin Arial da Times New Roman. Abin da za a aika wa abokan ciniki don karantawa kawai, a mayar da shi PDF.

Mai Kula da Na'urori:

Ni ina goyon bayan sauyin, amma ranka ya daɗe, kada a shigar da shi gaban shugabannin kamfani da sunan kyauta. Lasisi ne kawai ba za ku biya ba. Horar da ma'aikata, da gyaran tsofaffin fayiloli, da raguwar saurin aiki a makonnin farko, da albashin wanda zai riƙa kula da na'urorin, duk kuɗi ne. Tambayar da nake so ka amsa wa kanka ita ce: ma'aikacin nan da ya kawo shawarar, idan ya bar aiki gobe, wa zai riƙe kwamfutoci 40? Idan babu amsa, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ko dai a horar da mutum na biyu, ko a ƙulla yarjejeniyar tallafi da kamfanin da ya san aikin, kuma a rubuta yadda aka saita komai, zai fi kyau da kayan aiki irin su Ansible, manhajar da ke saita na'urori da kanta bisa rubutaccen tsari, yadda za a iya sake gina kowace na'ura daidai da 'yar'uwarta.

Ya kamata kuma a karanta labarin birnin Munich na Jamus tare da na Faransa. Majalisar birnin ta amince da komawa Linux a 2003, aka kammala aikin, mai suna LiMux, a 2013 da kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. An daɗe ana gardama a kan dalilan, har da na siyasa, amma abu biyu sun shafe ku kai tsaye. Na farko, musayar takardu da sauran hukumomin da suka ci gaba da amfani da Microsoft Office ta riƙa jawo ƙorafi. Na biyu, birnin ya gina nasa nau'in Linux, wanda ya ɗora masa nauyin kula da shi da sabunta shi. Ƙaramin kamfani ba shi da dalilin ɗaukar wannan nauyi. Ku karɓi abin da aka fitar yadda yake, ku rage gyare-gyare.

Manajan Gudanarwa:

Na gode muku ƙwarai. Hajiya Akanta, maganarki ta sa na tambayi sashen kuɗi, kuma lallai fayil ɗin albashi yana da makro. Haka nan masu manhajar akantarmu sun tabbatar mini cewa ba su da nau'in Linux. Shin Wine da nake jin ana ambata, mai buɗe manhajojin Windows a kan Linux, zai iya ɗaukar ta?

Injiniyan Sadarwa:

Yana iya buɗe ta, amma ba zan ɗora littafin kuɗin kamfani a kansa ba, domin ranar da wani abu ya lalace masu manhajar za su ce ba su san wannan hanya ba, kuma sabuntawa ɗaya daga gare su tana iya tsayar da komai. Abin da ya fi aminci shi ne a bar sashen kuɗi a kan Windows 11, a tattara musu kwamfutocin da suka cika sharuɗɗa daga cikin waɗanda kuke da su, tare da Excel ɗinsu. Idan wani a wajen sashen yana buƙatar manhajar jefi-jefi, sai ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan na'urori daga nesa da manhajar Linux mai suna Remmina, bayan an duba cewa lasisin ya yarda da hakan. Masu aikin wasiƙa da imel da tsarin kula da kaya su ne za su fara ƙaura, kuma a cikinsu ma a fara da mutum huɗu ko biyar da suka yarda da kansu, su yi cikakken wata har da rufe lissafin ƙarshensa, kafin a taɓa sauran.