Wani "annabi" ya ce zan haihu bana, amma kada maigidana ya ji

Mai Jiran Ubangiji:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema, abin ya fi ƙarfin kaina. Mun daɗe da aure, Ubangiji bai ba mu haihuwa ba tukuna. Kwanakin baya wani mutum ya turo mini saƙo a Facebook, ya ce shi annabi ne, wai Ruhu ya nuna masa fuskata yana cikin azumi. Ya ambaci ɓarin da na yi, sai jikina ya yi sanyi. Ya ce kafin shekarar nan ta ƙare zan rungumi ɗa, ya kawo mini Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shirin alheri domin mutanensa. Amma sai na tura masa "kuɗin shuka iri", kuma kada maigidana ko fastonmu su ji, wai in magana ta fita alkawarin ya warware. Ya ma ce surukata ce ta ɗaure mini mahaifa. Ban tura ko sisi ba, sai dai ina tsoron kada ya zama muryar Allah nake ƙi. Yaya zan gane?

Dattijo:

'Yata, sannu da haƙuri. Tun da Irmiya ya kawo miki, buɗe littafin ki koma sura ta 28. A can akwai wani Hananiya, shi ma "in ji Ubangiji" yake cewa. Ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara biyu za a dawo da kayan Haikali da kamammu daga Babila, har ya cire karkiyar itacen da ke wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. Wa zai ƙi irin wannan albishir? Irmiya da kansa cewa ya yi amin, Ubangiji ya sa haka. Amma ba Allah ne ya aiki Hananiya ba, kuma bai ga ƙarshen shekarar ba, a wata na bakwai ya mutu.

To, ayar da aka turo miki tana cikin wasiƙar da Irmiya ya aika wa kamammun, a sura ta gaba. Karanta aya ta 10: shekara 70 za su yi. An ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su zauna. A aya ta 8 da ta 9 kuma an gargaɗe su kada annabawan da ke cikinsu su ruɗe su. Mutumin naki ya tsallake wannan duka ya tsinko aya guda. Ba yau aka fara ba, Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu a lokacin gwaji.

Batun ɓoyewa kuwa shi ya fi damuna. 1 Yohanna 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Wanda ya hana ki kai maganarsa gaban mijinki da fastonki, gwajin yake gudu.

Maman Yara:

'Yar'uwa, duba shafinki tukuna. Kin taɓa roƙon addu'a a wani zaure bayan ɓarin? Masu irin wannan sana'a can suke kiwo. Kuɗi kuma fa? Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Elisha ya ƙi karɓar kyautar Na'aman bayan ya warke. Ki toshe shi kawai, kuma kada ki canja wa surukarki fuska a kan maganar baƙo.

Ɗan'uwa cikin Almasihu:

Na yarda wannan mayaudari ne, amma Baba, kada mu sa ta ɗauka Allah ya daina magana. 1 Tasalonikawa 5:20 ta ce kada a raina annabci. Saratu ma ai ta haihu da tsufanta.

Dattijo:

Gaskiyarka ɗana, sai dai ka haɗa da aya ta 21, wadda ta ce a gwada kome a riƙe mai kyau. Alkawarin Ishaku kuwa Allah ya yi wa Ibrahim ne da bakinsa, har da sunan yaron. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, ba a kuma nemi ya biya kowa ba.

'Yata, ba zan ce miki za ki haihu bana ba, don ba a gaya mini ba. Ina roƙon Allah ya ba ki, kamar yadda ya ba Hannatu. Abin da zan iya rantse miki a kai shi ne wanda ke rubuce: ba zai bar ki ba, ba zai yashe ki ba (Ibraniyawa 13:5). Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi.

Yau da dare ki miƙa wa maigidanki wayar ya karanta saƙonnin da idonsa. Sa'an nan ku je wurin fasto tare, in kuma ba ku ga likita ba tun bayan ɓarin, ku je ku biyun a duba ku.