Waɗanda suka taɓa sa a rubuta tarihin gidansu, ya kuka ƙare?

Daga Kwarbai:
Assalamu alaikum. Mun yanke shawara da 'yan'uwa mu haɗa kuɗi a rubuta tarihin kakanmu da zuri'arsa a ɗan littafi, a raba a taron zumunci bayan Babbar Salla. Cikin 'ya'yansa goggonmu kaɗai ta rage, ita ma jiki ya fara nauyi. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya ba mu labari.

Daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malama, ku ajiye maganar littafi tukuna, ku fara naɗar muryar Goggo ko da waya ce. Mu wani ɗalibin tarihi muka ɗauko daga Samaru, yaro mai ƙoƙari, amma da ya zauna gaban Hajiyarmu da takardar tambayoyi sai ta ja bakinta. Ya tambayi sunan mijinta da na ɗan farinta, ta ce "mai gidan nan" da "wancan yaron". Mu da muka tashi a hannunta ba mu taɓa jin ta kama sunayen ba, balle baƙo. Da jikokinta mata suka karɓi hirar, ana tsokana irin ta jika da kaka, har waƙar daka ta yi musu. Shi kuma aka bar masa rubutawa da tsarawa.

Daga Sabon Gari:
Wahalarmu shekaru ce. Tsoho ba zai ce maka alif kaza ba. Baba ya ce an ɗaura aurensa shekarar da Sarkin Zazzau Ja'afaru ya rasu aka naɗa Aminu, wannan da sauƙi, 1959. Amma "lokacin canjin kuɗi" da aka haifi wani yayanmu sai da ya jawo gardama: na 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira, ko na 1984 zamanin Buhari? Inna ce ta raba gardamar, ta ce a lokacin Sarki Shehu Idris bai hau ba, shi kuwa 1975 ya hau. Kakanmu a reluwe ya yi aiki, takardun fanshonsa sun taimaka ƙwarai. Ku bincika tsofaffin akwatuna kafin ku biya wa mutum kuɗin mota zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna.

Daga Limancin Kona:
Mu salsalarmu da ajami take, cikin gafakar marigayi Malam. Maza zalla. Ba uwa ko ɗaya, ba 'ya mace. Sunayen matan da garuruwan da aka auro su, wajen tsofaffin cikin gida muka tattaro. Abu biyu: a nemi malamin da ya saba da rubutun mutanen da, don ajami ba ya bambanta wasu sunayen in ba wasali, kuma kada a ba kowa asalin takarda ko hoto ya tafi da shi. A ɗauka a gabanku. Wani mai ɗab'i ya buga mana hotuna duk sun yi duhu, kuma mun riga mun biya duka. Ku ce sai kun ga kwafi ɗaya na gwaji.

Daga Tudun Wada:
Na manta. Za ku ji abin da ba ku nema ba: saki, rigimar gado, wadda aka ce ƙwarƙwara ce. Mu cirewa muka yi.

Daga Limancin Kona:
Alhaji, ni a nan na saɓa maka. Rigimar gado a cire, na yarda. Amma in ka cire mace saboda asalinta, jikokinta fa? Su ma sun saka kuɗi, kuma za su buɗe littafin su nemi kakarsu. Mu sunanta muka sa da 'ya'yanta kamar kowa, ba ƙarin bayani.

Daga Kwarbai:
Allah ya saka da alheri. Juma'a zan tura yara wajen Goggo. Tambaya ɗaya: marubucin, rabi kuka fara ba shi, ko sai da ya kawo aiki?